DARASIN DUWATSU: JIJIYAR DUTSE MAI MANYAN ƘWAYOYI



Darasinmu na wannan karo a kan dutse yake. Wani zai ce: mu da muke zaune cikin rairayi, ina ruwanmu da dutse? To, da ruwanmu. Da an gama girbi, samarinmu da yawa sukan ɗauki jaka su tafi haƙo. Wasu su nufi Jado, wasu wajen Maraɗi, wasu su ƙetara Najeriya. Wani yakan sayar da akuya ya yi guzuri. Wani ma har gonarshi yake ba da jingina. Akwai mai dawowa da kuɗi. Akwai mai dawowa da tari. Akwai wanda ba ya dawowa.

Yawancinsu ba su san dutsen da suke fasawa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Don haka za mu koyi wani dutse guda ɗaya wanda mutane ke ta rububinshi a yau. Masana suna kiranshi fegmatit. Wani malami Bafaranshe, René Haüy, shi ya raɗa mishi wannan suna, shekara 200 da ƴan kai da suka wuce. Mu a nan za mu kira shi jijiyar dutse mai manyan ƙwayoyi.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN RAIRAYINMU

Ku tambayi mai ginar rijiya. Zai ce muku ƙasa hawa-hawa take. Akwai rairayi a sama. Akwai yumɓu. Wani wuri akwai marmara. A fadamun Korama ruwa ba shi da nisa, shi ya sa muke samun rake da rogo da kayan lambu.

In aka zarce ƙasa, sai a iske dutsen yashi, wato rairayin da ya daɗe har ya dunƙule. In aka ƙara zarcewa, sai a iske tsohon dutse mai tsananin tauri. Shi ne gindin ƙasa. Duk sauran a kanshi suke zaune.

A nan wajenmu rairayi ya lulluɓe shi. Amma wasu wurare yakan fito fili, kamar kada cikin ruwa, bayanshi kaɗai ake gani. Duk wanda ya je Birnin Damagaram ya ga manyan duwatsu sun hau juna a tsakiyar gidaje. Shi ne. Ya fito a ƙasar Muniyo wajen Gure. Ya fito a kudancin Maraɗi wajen Ɗan Isa. A Najeriya ya fito a Kazaure, ya fito a Zariya inda dutsen Kufena yake.

Irin dutsen Birnin Damagaram sunanshi giranit. Masana sun auna shekarun irin waɗannan duwatsu. Tsofaffin sun kai shekara wajen miliyan 600. Akwai ƙannensu, su ma giranit ne, da suka zo daga baya. Na Damagaram da Muniyo shekara wajen miliyan 300. Na Jos ba su kai haka ba. Wannan duk cikin ikon Allah ne.

YADDA GIRANIT YA SAMU

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. To, a cikin ƙasa dutse yana dahuwa da gaske. Can ƙasa da nisa, kilomita da yawa, zafi yana narkar da shi.

Kun ga maƙerin da ke zubin tukunyar sanholo. Ruwa yana tafasa a awon zafi 100. Sanholo yana narkewa a 660. Narkakken giranit zafinshi wajen 700 ne. Ke nan kusan ɗaya suke da abin da maƙeri ke zubawa.

Wannan narkakken dutse yakan taso sama kaɗan-kaɗan, ya tsaya a hanya bai fito ba. A nan yake hucewa, shekaru dubbai. Yana hucewa, ƙwayoyi suna fitowa a cikinshi, kamar yadda kanwa ke fitowa a bakin tafki in ruwa ya ja. Ku fasa giranit ku duba. Za ku ga ƙwayoyi iri uku: wata fara mai haske, wata ja-ja ko fara kamar nono, wata baƙa mai ƙyalli. Girmansu kamar dawa ko masara.

YADDA JIJIYA TA SAMU

Mata masu ƙuli-ƙuli za su gane wannan da sauri. In ana murza tunkuza, gari yana dunƙulewa gefe guda, mai yana fita gefe guda. Mai ba ya tsayawa. Duk inda ya ga hanya sai ya bi.

Haka giranit yake yi. In ya kusa gama daskarewa, akwai sauran narkakke da ke raguwa. A cikin wannan saura ruwa ya taru. Duk wani abin da bai sami wurin zama cikin ƙwayoyin farko ba, nan yake taruwa. Wannan saura ba shi da kauri. In na farko tuwo ne, shi kunu ne. Sai ya kutsa cikin tsagar duwatsun da ke kewaye, ya cika ta, ya daskare a ciki. Abin da ya daskare cikin tsaga shi ne jijiya.

Me ya sa ƙwayoyinta suke da girma? Manomi ya san amsa. In aka bar gero ashirin a rami guda, zangarniya ƙanana ake samu. In aka yi cira aka bar uku, kowace sai ta cika hannu. A cikin wannan kunun dutse, ƙwayoyin da ke tsirowa kaɗan ne, abincinsu kuma yana iske su da sauƙi. Sai kowace ta yi girma.

A da ana zaton jinkirin hucewa ne ke sa su girma. Yanzu masana sun gano ba haka ba ne. Jijiya siririya ce, cikin dutse mai sanyi take shiga, tana iya daskarewa da sauri ƙwarai. Yawan ruwan da ke cikinta da ƙarancin iri su ne dalili.

YADDA AKE GANE TA

Alama ta ɗaya: ƙwayoyinta manya ne. Kamar goro, kamar dunƙulen hannu, wata kamar kan mutum. A Amurka, a wata mahaƙa mai suna Etta, an sami ƙwaya guda da ta fi mita 12 tsawo. A tsibirin Madagaska an sami wata mai mita 18.

Alama ta biyu: fara ce ko ja-ja. Takan ratsa dutse mai duhu kamar kitse cikin nama.

Alama ta uku: tana tafiya a miƙe kamar katanga. Wata faɗinta taƙi guda, wata mita goma ko fiye. Tana iya ɓacewa cikin ƙasa ta sake ɓullowa gaba.

Alama ta huɗu: inda ta ruɓe, za ku ga fararen tsakuwa sun bazu a ƙasa, da ɓawo mai ƙyalli.

Babbar jijiya kamar goruba take, hawa-hawa. A baki, inda ta haɗu da dutsen waje, ƙwayoyi ƙanana ne. Wannan shi ne ɓawo. In aka shiga ciki, ƙwayoyi suna ƙara girma. A tsakiya sau da yawa akwai farar ƙanƙara zalla, ita ce ƙodago. Abin da ke da kuɗi, in akwai shi, galibi kusa da ƙodagon nan yake.

MASU GIDA UKU

Kowace jijiya tana da masu gida uku. Su ne dai ƙwayoyi ukun nan na giranit, sun girma.

Na fari ƙanƙara. Masana suna ce mata kuwars. Fara ce, ko kalar toka, wata kamar gilashi. Wuƙa ba ta kankare ta. Ita ce ke kankare kwalba. In ta fashe, tana fashewa kamar kwalba, ba ta da fuska.

Na biyu feldisfat. Shi ne ya fi yawa. Ja-ja ne ko fari. In ya fashe yakan ba da fuska sumul, in aka juya shi a rana sai fuskar ta haska gaba ɗaya. Da shi ake yin tangaran da gilashi.

Na uku mika. Shi ne mai ɓawo. Yana ɓarewa falle-falle kamar takardun littafi. Farce ma yana kankare shi. Akwai fari, akwai baƙi. Fari ba ya jin wuta, shi ya sa ake sa shi cikin kayan lantarki masu zafi.

Ku riƙe wannan da kyau: mika shi ne babban mayaudari. In baƙin mika ya ruɓe, yakan koma kalar zinariya. Mutane da yawa sun ɗaure shi a tsumma sun kai kasuwa an yi musu dariya.

BAƘI

Bayan masu gida, wata jijiya takan sami baƙi. Su ake nema.

Kuza. Baƙa ce ko ƙasa-ƙasa, tana da nauyi ƙwarai. In an narke ta, da ita ake shafe gwangwani don kada ya yi tsatsa, da ita ake liƙa wayoyin rediyo.

Koltan. Masu haƙo a Najeriya suna ce mishi tantalait ko kwalambait. Baƙi ne mai nauyi. Ana fidda ƙarfe biyu daga cikinshi. Ɗaya yana shiga cikin salula. Ɗaya ana zuba shi cikin baƙin ƙarfe don ya ƙara ƙarfi.

Dutsen litiyom. Da shi ake yin batirin salula da na mota mai lantarki. Iri biyu aka fi gani. Ɗaya mika ne mai kalar shuni-shuni. Ɗaya kuma dogo ne, fari ko kore-kore, kamar tsagin itace.

Beril. Yana da kusurwa shida kamar ɗakin zuma. Mai haske, shuɗi ko kore, dutsen ado ne mai tsada.

Turmalin. Dogo ne kamar kara, da zane a jikinshi. Baƙin turmalin yana da yawa, ba shi da kuɗi. Kore da ja da shuɗi masu haske su ne na ado.

Ga babbar magana ta wannan darasi. Yawancin jijiyoyi ba su da baƙo ko ɗaya. Masu gida ne kawai. Masana sun ce cikin jijiya 100, da wuya a sami fiye da ɗaya ko biyu masu ƙarfe mai tsada. Ganin jijiya ba ganin kuɗi ba ne.

Kuma zinariya ba a irin wannan jijiya aka saba samunta ba. Ita tana bin wata jijiya dabam, ta ƙanƙara zalla, wadda ba ta da manyan feldisfat da mika. Tana kuma taruwa cikin tsakuwar ƙorama.

MAƘWABTA

Jijiya ba ta zama ita kaɗai. Akwai duwatsun da ta ratsa. Su ne maƙwabtanta. Wanda zai nemi aure yakan tambayi maƙwabta. Haka mai binciken dutse yake yi.

Maƙwabci na fari giranit, wato uwar da ta haife ta. Jijiyar da ke cikin uwa ko jikinta, galibi ba ta da kome. Wadda ta yi nisa da uwa, kilomita ɗaya ko fiye, ita ta fi ɗaukar baƙi, don abin da ya fi ruwa-ruwa shi ya fi tafiya nesa.

Na biyu nayis. Dutse ne mai zane, fari da baƙi, kamar saƙi. Zafi da nauyin ƙasa ne suka murɗe shi.

Na uku shist. Asalinshi laka ce da ta dahu. Yana rabuwa falle-falle kamar an jera ganye. A Najeriya jijiyoyi masu kuɗi da yawa cikin shist da nayis suke.

Jijiya takan bar alama a jikin maƙwabcinta. Ruwan zafin da ya fita daga cikinta yakan shiga dutsen gefe, ya canza kalarshi, ya haifar da ƙananan turmalin da mika. Masana sukan ɗebi wannan dutse na gefe su auna, su gane ko jijiyar tana da litiyom tun ba a haƙa ba.

Amma ku sani: maƙwabcin nan shi ne ke kashe mai haƙo. Shist ba ya riƙe kanshi. In aka cire jijiya daga tsakiya, ko ruwan sama ya jiƙa shi, fallayen sai su zame su rufe rami.

INA AKE SAMUN TA?

A Najeriya akwai wani layi mai tsawon kilomita wajen 400. Ya taso daga wajen Wamba da Jama'a, ya gangara kudu maso yamma har ƙasar Yarabawa. A 1946 wasu masana biyu, Jacobson da Webb, suka rubuta bincikensu a kan jijiyoyin tsakiyar Najeriya. Tun lokacin ana fidda kuza da koltan daga cikinsu. Daga baya aka koma kan dutsen ado, sannan litiyom. A 2024 aka buɗe masana'antar gyaran litiyom a jihar Nasarawa.

A Mali, a Gulamina wajen Buguni, an buɗe babbar mahaƙar litiyom a ƙarshen 2024. Akwai Bikita a Zimbabuwe. Akwai Manono a Kwango. Duka jijiyoyi ne irin wannan.

A ƙasarmu Nijar, an san jijiyoyi masu litiyom a Dibilo, wajen Tera, can yamma da kogin Kwara. A tsohon dutsen Damagaram da na kudancin Maraɗi ma ana ganin jijiyoyi suna ratsa dutse. Amma mun riga mun faɗa: ganin jijiya ba ganin kuɗi ba ne.

Kada a haɗa wannan da kuzar Jos. Hausawa sun daɗe da sanin kuza. Tun kafin zuwan Turawa ana narka ta a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, ana kai ta kasuwa. A farkon shekarun 1900 Turawan Ingila suka kama haƙarta a Jos, kakanninmu da yawa sun je aikin kuza can. A ƙasar Abzin ma, a El Meki da Tarwaji, an haƙi kuza tun zamanin Faransa. Amma yawancin kuzar waɗannan wurare daga ƙannen giranit ɗin nan ta fito, ruwa ya wanke ta ya tara cikin ƙoramu.

GWAJI BIYAR DA KOWA KE IYAWA

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ba a bukatar injin. Wuƙa, guduma, fasasshen tangaran, ƙwarya, da mayen ƙarfe na tsohuwar rediyo sun isa.

1. Gwajin wuƙa. Farce ya kankare shi? Mika ne. Wuƙa ta kasa, shi kuma ya kankare kwalba, ba shi da fuska? Ƙanƙara ce.

2. Gwajin guduma. A buga ƙwayar mai kalar zinariya a kan maƙera. Zinariya tana baje kamar ƙullu, ba ta fashewa. Mika yana watsewa. Akwai wani mai kama da tagulla da ake kira firit, shi yana komawa baƙin gari.

3. Gwajin nauyi. Litar ruwa kilo 1 ce. Dunƙulen ƙanƙara mai wannan girma kilo 2 da rabi da ɗan ɗori. Turmalin kilo 3. Kuza kilo 7. Zinariya kilo 19. Hannu yana jin bambanci.

4. Gwajin ƙwarya. A zuba yashin cikin ƙwarya da ruwa, a rairaye kamar ana rege gero. Marar nauyi zai tafi. Mai nauyi zai kwanta ƙasa. Mika yana bin ruwa.

5. Gwajin zane da mayen ƙarfe. A goga baƙar ƙwaya a bakin fasasshen tangaran. Kuza tana barin zane fari-fari. Koltan yana barin zane mai duhu. In kuma baƙin yashi ya manne wa mayen ƙarfe, tama ce, ba kuza ba ce.

Wannan gwaji yana hana a cuce ku da babbar ƙarya. Amma ba ya faɗin yawan ƙarfen da ke cikin dutse. Wannan sai ɗakin awo. Mai saye yana da awo, mai haƙo ba shi da shi. Nan ne ake cin gumin talaka.

HAƊARI UKU

Na fari ruftawar rami. Ran 7 ga Nuwamba 2021, rami ya rufta a Garin Liman, wajen Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi. Mutum 18 aƙalla suka rasu. Zinariya suke nema. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na biyu ƙura. Garin ƙanƙara kamar garin kwalba yake. In ya shiga huhu ba ya fita. Huhu yakan taurare, numfashi ya yi wuya, tarin fuka ya sami ƙofa. Wannan ciwo ba shi da magani. Ba ya nuna kanshi sai bayan shekaru. Masu fasa dutse don tsakuwar gini, maza da mata, su ma abin ya shafe su, don giranit yana da ƙanƙara.

Na uku guba. A 2010, a jihar Zamfara, cikin ƙasar Anka da Bukkuyum, mutane suka riƙa kawo dutsen zinariya gida suna daka shi a tsakar gida. Dutsen yana da dalma. Yara fiye da 400 suka mutu. Ido ba ya ganin guba cikin dutse. Don haka kowane irin dutsen haƙo ne, kada ya shiga gida, kada ya shiga turmin abinci.

Akwai kuma haɗarin kasuwa. A ƙarshen 2022 kuɗin litiyom ya hau ƙwarai a duniya. Kafin ƙarshen 2024 ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100. Abin da ake sayarwa dala 100 ya koma ƙasa da dala 20. Wanda ya ba da gonarshi jingina lokacin tsada, da me zai fanshe ta? Garin neman ƙiba an samo rama.

ABIN DA DUTSEN NAN YA RIGA YA BA MU

Ko ba mu haƙa ba, muna cin amfaninshi. Rana da ruwa da iska suna cin dutse sannu a hankali.

Ƙanƙara ba ta ruɓewa, sai dai ta farfashe. Ita ce rairayin gonakinmu. Ku ɗebi rairayi a tafin hannu ku duba a rana, za ku ga ƙananan ƙwayoyi kamar gilashi.

Feldisfat yana ruɓewa ya koma yumɓu. In ya ruɓe da tsabta, shi ne farar ƙasa. Yana ruɓewa yana sakin wani gishiri da shuka ke so. A jikin buhun takin zamani kuna ganin baƙaƙe uku: N, P, K. Wannan K ɗin, irinshi ne ke cikin jan feldisfat.

Sai maganar ruwa. Giranit ba ya shan ruwa kamar rairayi. Shi ya sa Damagaram ta daɗe tana fama da ƙishirwa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka maida babban birni Yamai a 1926. Daga baya sai da aka jawo ruwa daga nesa, daga Arunguza da Gogo da Macaya. A ƙasar dutse, ruwa cikin tsaga yake ɓuya, da inda dutse ya ruɓe. Jijiya takan farfashe fiye da maƙwabtanta. Don haka masu ginar fanfo sukan yi murna in sun gan ta. Garin da jijiyarshi ta ba da ruwa ya fi garin da ta ba da turmalin.

Mu kuwa da Allah ya ba mu rairayi mai riƙe ruwa, mu san darajar abin da muke takawa.

SHAWARA

In kun ga baƙon dutse, kada ku yi gaggawa. Ku ɗauki guntu biyu ko uku. Ku rubuta ranar da wurin a takarda. Ga amfanin karatu ke nan. Ku shaida wa mai gari da magajin gari. A kai shi ofishin ma'adinai na jiha a Damagaram.

Ku sani, a dokar ƙasarmu abin da ke cikin ƙasa na hukuma ne. Mai gona ba ya haƙo sai da takardar izini. In baƙo ya zo yana son haƙa a gonarku, ku nemi ganin takardarshi. Kada ku sa hannu ko ɗan yatsa a takardar da ba ku karanta ba.

Wanda ya ce lalle sai ya tafi haƙo, to ya kiyaye waɗannan:

Kada ya sayar da gona ko ya ba da ita jingina don guzuri.
Kada ya shiga rami da damina, ko ramin da ba a tokare da itace ba.
Kada ya yi rami kusa da ramin wani har su haɗe a ƙasa.
Ya jiƙa dutse da ruwa kafin ya fasa. Rawani ba ya tare ƙurar nan, sai abin rufe hanci na gaske.
Ya wanke jikinshi, ya canza tufafi kafin ya ɗauki yaro.
Kada ya tafi da yaro. Wurin yaro lakkol da makarantar allo.
In ya dawo da tari, ya je likita da wuri, ya faɗi aikin da ya yi.

TAMBAYOYI DON CIBIYA

Malamin cibiya ya karanta, kowa ya ba da amsa, sannan a rubuta a allo.

1. Su wane ne masu gida uku na jijiya? Yaya ake gane kowane?
2. Me ya sa ƙwayoyin jijiya suka fi na giranit girma?
3. Yaya za ku bambanta zinariya da mika?
4. Me ya sa ramin da ke cikin shist yake da haɗari?
5. Lissafi: dunƙulen kuza mai girman lita ɗaya kilo 7 ne. Na turmalin kilo 3. Kilo nawa ne tsakaninsu? In lita 4 ce, kowane kilo nawa zai yi?
6. A garinku, mutum nawa suka tafi haƙo bara? Nawa suka dawo da riba? Nawa suka dawo da ciwo? Ku ƙirga da kanku, ku rubuta.

Kalmomin da za a rubuta: dutse, jijiya, ƙanƙara, kuza, ƙwaya, ƙura, rami, rairayi.

Wanda ya taɓa zuwa haƙo ya tashi ya ba ƴan cibiya labarin abin da ya gani, daɗi da wuya duka. Amsar tambaya ta shida kuma ku aiko wa jaridarku da ita, mu buga kowa ya karanta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman samari, tun kafin rani ya yi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido da matafiyanmu lafiya. Amin.